Shirun Tafinta: Daga Ƙasar Haɗejiya zuwa Nuremberg

Kalmar tafinta aro ce daga Ingilishi, amma aikin kansa ya girmi yaƙin 1906, wanda Turawa suka ci Haɗejiya a cikinsa. A ƙasar da Hausawa da Fulani da Mangawa suke cuɗanya, tun daga Kaugama har Birniwa, shari'a da ciniki sun daɗe da bukatar mai juya magana. Abin da ya kamata manazarci ya lura da shi shi ne ɗan shirun da tafinta kan yi kafin ya buɗe baki, wanda masu ƙara kan zarga da ƙulla makirci.

Wannan zargi bai yi masa adalci ba, domin asalin shirun yana cikin ginin jimla. Barbarci, har da karin Mangawa, yana ajiye aikatau a ƙarshe, kuma a jikin aikatau ɗin korewa take. Alal misali, a shari'ar bashi tafinta zai ji sunan mutum, ya ji kuɗin, amma ba zai san an biya ko ba a biya ba sai mai magana ya dire. In ya riga shi, watau ya yi kirdado, hukunci na iya faɗawa kan marar laifi.

Haka aka sha fama a shari'ar Nuremberg ta 1945, inda aka yi fassarar nan take cikin harsuna huɗu da na'urorin IBM. Jamusanci ma yakan jinkirta aikatau. Sai da aka tanadi fitilu biyu: rawaya, mai magana ya sassauta, ja, ya dakata.