Waken Samaru da Kasuwar Mai'adua: Wa Ke Duba Mudun?

1/ Jama'a, kullum ana ta cece-kuce a kan GMO, wato amfanin gonar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Ni ɗan Mai'adua ne, bari in ba ku tarihin abin daga bakin boda. 🧵

2/ A 2000 ƙasashen duniya suka amince da Yarjejeniyar Cartagena. Ta ce kafin a kai irin da aka sauya wata ƙasa don shukawa, sai an sanar da ita ta yarda. Najeriya da Nijar duk suna ciki.

3/ Mu sai 2015 muka samu doka. Goodluck Jonathan ya sa hannu, aka kafa hukumar NBMA, mai ba da izinin gwaji, shigowa da sayarwa.

4/ A shekarar dai Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu. Dalili? Maganin ƙwari dichlorvos, wanda muke kira fiya-fiya, ya yi yawa a jikinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ A IAR Samaru, ABU Zariya, Farfesa Mohammad Ishiyaku da tawagarsa sun shafe shekaru a kan wake mai jure tsutsar maruka, mai cinye fure da kwanso. A 2019 aka sake shi da sunan SAMPEA 20-T, waken GMO na farko a duniya. Masu binciken sun ce feshi biyu ya isa, maimakon shida zuwa takwas.

6/ Amma fa maruka a gona take. Fiya-fiya a buhu ake zubawa saboda ƙwarin ajiya. Ke nan sabon irin bai warware abin da ya sa Turai ta rufe mana ƙofa ba.

7/ Janairun 2024 aka saki masarar TELA. A watan Mayu Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da sababbin irin GMO har sai an yi bincike.

8/ To mu dawo gida. Ranar Lahadi je ka kasuwar Mai'adua. Wake na sauka daga ɓangaren Damagaram ta Kwangwalam, 'yan kasuwa na lodi zuwa Kudu. Ƙa'idar NBMA ta ce a sa wa kayan GMO alama. A ina za a manna ta? A jikin mudu?

9/ Kuma manominmu in ya samu iri mai kyau, sai ya ɗiba wa ɗan'uwansa na Matamaye a leda, a kan babur. Cartagena ba ta san da wannan tafiyar ba.

10/ Ni ban ce irin guba ne ba, wallahi. Amma wanda zai shuka da wadda za ta dafa suna da haƙƙin sanin abin da suka saya. Ɗan kasuwar da aka dawo masa da kaya daga waje kuwa, jarinsa ne ya ƙone.

11/ In za ka sayi iri bana, tambayi sunansa da inda ya fito. In za ka adana wake, nemi buhu mai ninki uku, ka bar fiya-fiya. Manoman Daura, Zango da Sandamu, SAMPEA 20-T ya iso gare ku?