Comiket: Kasuwar da Ba Ta da Kwastoma

Ranar 21 ga Disamba, 1975, mutane kusan 700 suka taru a wani ɗakin taro na ginin ƙungiyar 'yan kwana-kwana da ke unguwar Toranomon a birnin Tokiyo. Ƙungiyoyi 32 ne suka baje 'yan littattafan da suka rubuta, suka zana, suka kuma buga da kuɗin aljihunsu. Mafi yawan mahalartan 'yan mata ne 'yan makaranta, masoya manga, wato labaran zane na Japan. Aka raɗa wa taron suna Comic Market, bakin mutane ya taƙaita shi zuwa Comiket. Bayan shekara 44, a Disambar 2019, an ƙirga shigar mutum 750,000 cikin kwana huɗu.

Mu da muka tashi muna kallon Naruto da Dragon Ball mukan ɗauka manyan kamfanoni ne kaɗai suka gina wannan duniyar. Tarihin Comiket ya nuna mana ɗaya hannun da ya yi aikin, hannun masu karatu.

Waɗanda suka kafa taron matasa ne 'yan wata ƙungiyar sharhin manga mai suna Meikyu, cikinsu akwai Yoshihiro Yonezawa da Teruo Harada da Jun Aniwa. Abu biyu ya dame su. Mujallar COM ta Osamu Tezuka, wadda ke ba sababbin masu zane fili, ta rufe a farkon shekarun 1970. Sannan babban taron manga na lokacin ya hana wata mahalarciya shiga saboda ta soki yadda ake gudanar da shi. Sai suka ƙudura kafa wurin da ba za a kori mutum don ra'ayinsa ba, ba kuma za a auna kyan aikinsa kafin a ba shi tebur ba.

Daga nan ƙa'idar da ta riƙe taron har yau ta fito: a Comiket babu kwastoma, kowa mahalarci ne. Mai sayarwa da mai saye da mai tsare layi duk matsayinsu ɗaya. Dubban 'yan sa-kai ne ke gudanar da shi sau biyu a shekara, a Agusta da Disamba. Idan masu neman tebur sun fi wurin yawa, galibi ƙuri'a ce ke raba gardama.

Abin da ake sayarwa sunansa dojinshi, littafin da mutum ko 'yan abokai suka buga da kansu. Wasu labaran sababbi ne fil, wasu kuma an ɗauko jaruman wani sanannen manga an ƙaga musu wata rayuwa. A tsakiyar shekarun 1980, labarin ƙwallon ƙafa na Captain Tsubasa ya jawo dubban mata masu zane, taron ya cika ya batse. Tun 1981 ya koma babban filin baje koli na Harumi, zuwa 1990 kuma mahalarta sun haura 200,000 a zauren Makuhari Messe da ke lardin Chiba.

Girman nan ya zo da nasa nauyin. A 1989 aka kama Tsutomu Miyazaki da laifin kashe ƙananan yara mata huɗu. Da kafofin labarai suka nuna ɗakinsa maƙil da kaset-kaset, sai aka shafa wa duk masoya anime kashin kaji. A 1991 'yan sanda suka kama wasu masu shagunan littattafai kan sayar da dojinshi na batsa, mahukuntan Makuhari kuma suka ce ba za su ƙara ba da zaurensu ba. Taron ya koma Harumi, ya kuma ƙarfafa duba samfurin kowane sabon littafi kafin a buɗe ƙofa. Masu shirya shi sun yarda da iyakar da doka ta shata don kada a rufe kasuwar baki ɗaya. A 1996 suka tare a Tokyo Big Sight, inda suke har yanzu. Yonezawa, wanda ya shugabanci taron tun 1980, ya rasu a Oktoban 2006, mutum uku suka gaji kujerarsa.

Jarrabawa mai ɗaci ta zo a 2012. Wani mutum ya riƙa aika wasiƙun barazana ga duk wurin da ke da alaƙa da manga mai suna Kuroko's Basketball. A Disambar shekarar, masu shirya Comiket suka hana ƙungiyoyin da ke zana wannan labarin baje kayansu. Taron da aka kafa don kada a kori kowa ya kori ɗaruruwan 'ya'yansa saboda tsoron abin da ka iya samun jama'a. Sai a Disambar 2013 aka kama mutumin.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Zana jaruman wani ba da izininsa ba saɓa doka ne, amma a Japan sai mai haƙƙin ya kai ƙara ake gurfanar da mutum, kamfanoni kuwa sukan kawar da kai. Lokacin da ake tattauna yarjejeniyar cinikayya ta TPP, an ji tsoron za a ba 'yan sanda ikon kamu ko ba mai ƙara. A 2016 Firaminista Shinzo Abe ya shaida wa majalisa cewa dojinshi ba sa gasa da ainihin littattafan a kasuwa, don haka sauyin ba zai shafe su ba.

Me ya sa kamfanoni ke kawar da kai? Sun san daga inda ma'aikatansu na gobe ke fitowa. CLAMP, matan da suka ƙirƙiro Cardcaptor Sakura, da dojinshi suka fara. Mu masu rubuta manhaja ma muna da namu a ciki. A teburin Comiket ZUN ya fara sayar da wasannin kwamfuta na Touhou a 1997, a nan kuma Type-Moon suka fitar da Tsukihime a 2000, tun kafin Fate ta sa duniya ta san su. Tsarin ba baƙo ba ne a gare mu. Haka muke ɗauko manhajar da wani ya saki a fili, mu gyara, mu ƙara, mu mayar wa jama'a, da yawanmu ba tare da ribar ko sisi ba.

Annobar korona ta sa an soke taron Mayun 2020, karo na farko a tarihinsa. Da aka dawo a Disambar 2021, an ƙayyade mutum 55,000 a rana. Shiga ma yanzu sai da kuɗi, abin da ba a saba ba kafin 2019. Sai dai ƙa'idar farko tana nan. Yarinyar da ta buga kwafi talatin na labarinta na farko za ta cike takardar da fitaccen mai zane zai cike, idan kuma ta dace, a zaure ɗaya za su zauna.