Tarihi: Yadda Harvard ta yi wa 'ya'yan gata ƙofa ta daban

 Yau tarihinmu zai kai mu Amurka, jami'ar Harvard da ke kusa da birnin Boston, wadda aka kafa tun 1636. Tambayar ita ce: a makarantar da kowa ke rububin shiga, wa ake ɗauka? Mai ƙwaƙwalwa, ko mai uwa a gindin murhu?

A farkon ƙarni na 20, abin ba wuya: ka ci jarrabawar shiga, ka biya kuɗi, ka shiga. To, sai 'ya'yan Yahudawa baƙin haure, waɗanda iyayensu suka zo daga gabashin Turai, suka dinga cinye jarrabawar. A 1900 ba su wuce kashi 7 cikin ɗari na sababbin ɗalibai ba. Zuwa 1922 sun haura kashi 20. Hankalin manyan gida ya tashi.

A wannan shekarar shugaban jami'ar, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade adadinsu. Aka yi ta surutu, shawarar ba ta wuce ba. Amma abin da bai samu ta ƙofa ba, ya same shi ta taga. Wajen 1926 aka ce maki kaɗai bai isa ba, sai an duba "hali". Aka fara neman hoto, da wasiƙar shaida, da ganawa ido da ido. Hali kuwa ba a auna shi da sikeli, wanda ke kan kujera shi ke cewa wane na da shi, wane ba shi da shi. Adadin Yahudawa ya faɗo zuwa wajen kashi 15. A zamanin ne kuma manyan jami'o'i irin su Yale suka ƙarfafa fifita ɗan wanda ubansa ya yi karatu a wurin. Kun ga inda gadon kujera ya samo asali ke nan.

Daga shekarun 1960, bayan gwagwarmayar baƙar fata, jami'o'i suka fara duba launin fata don buɗe wa waɗanda aka daɗe ana dannewa hanya. Kotun Ƙoli ta yarda da hakan a 1978, amma ta hana ware adadin kujeru. Aka yi shekara 45 a haka, har ranar 29 ga Yuni 2023, da kotun ta soke tsarin, bayan wata ƙungiya ta kai ƙara cewa ana tauye 'yan asalin Asiya.

Shari'ar nan ce ta tona asiri, don dole Harvard ta fito da takardunta. Masana suka duba suka ga kusan kashi 43 cikin ɗari na fararen fatar da aka ɗauka sun fito daga rukuni huɗu: 'yan wasanni, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'ya'yan ma'aikatan jami'ar, da waɗanda ke cikin wani jeri na musamman, inda ake samun dangin masu ba da gudummawar kuɗi. A shekarun da takardun suka nuna, ɗan tsohon ɗalibi in ya nema, kusan ɗaya cikin uku ake ɗauka. Sauran jama'a kuwa, wajen shida cikin ɗari.

Abin lura, kotun ta rufe ƙofar launin fata, amma ba ta taɓa ta gado ba. Wasu dai sun rufe da kansu: jami'ar Johns Hopkins ta daina, kwalejin Amherst ta bi sahu a 2021, jihar Kalifoniya kuma ta yi dokar hani a 2024.

Saboda haka ɗanmu da ya ci bak yana mafarkin irin waɗannan makarantu, ya nema, kar ya karaya, don ana ɗaukar 'ya'yan talakawa har da tallafin karatu. Amma in ba a ɗauke shi ba, kar ya ce kansa ne bai ja. Wani tun kafin a haife shi aka ajiye masa kujera.

Ku fa, me kuka gani? Adalci ne a ba yaro gurbi saboda sunan ubansa? Sai mun ji daga gare ku.