Yadda Aya Ta Shigo Rubutun Ƙasar Katsina

Tun kafin boko ya iso 'Yargoje da sauran ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, almajiri ya san inda ake tsayawa a karatu. A bakin malaminsa yake koya, kuma ƙarshen kowace aya ta Alƙur'ani da alamarta. Amma wasiƙar ajami ba ta cika damuwa da alama ba. Mai karantawa ne ke yanka maganar da muryarsa.

Rubutun boko ya zo da nasa ka'idojin. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yi suna wajen horar da ɗalibai a kan tsabtataccen Turanci. Can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, haka ma Abubakar Imam, wanda yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubutun Hausa ta 1933. Da shi da abokin aikinsa Rupert East a Zariya, musamman bayan fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, suka saba wa masu karatu da aya da waƙafi da sakin layi.

Sai dai Hausa da Turanci ba sa yanka magana a gaɓa ɗaya, kuma nan ne ɗalibi ke tuntuɓe har yau. Bahaushe zai ce, "Manomi ya tashi, ya ɗauki fartanya, ya nufi gona, hadari ya haɗo," kuma babu malamin Hausa da zai ɗaga jan biro, domin haka labari ke tafiya a harshen. Turanci kuwa ba ya yarda a jera cikakkun jimloli biyu babu komai a tsakani, ko da waƙafi kaɗai. Yaron da ya rubuta "It rained heavily, the market closed" ya haɗa jimloli biyu, kowace da mai aikinta da aikatau nata. Gyaran ba wuya: ya sa aya a tsakani, ko ya ƙara mahaɗi irin "so" bayan waƙafin, ko ya fara da "because" don ɗayar ta jingina da 'yar'uwarta.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwararo yaran karkara cikin azuzuwa, malamai kuma ba su wadata ba. Da yawa suka koyi kalmomin Turanci ba tare da an nuna musu wannan bambanci ba, masu duba jarrabawar WAEC kuwa suna rage maki a kan kuskuren alamomi. Zalunci ne a kira irin wannan yaro daƙiƙi, don ka'idar harshensa ya bi daidai. Malaman da suka gane haka sukan rubuta jimlar Hausa da ta Turanci gefe da gefe a allo, su sa ajin ya nuna inda kowace ta tsaya.