Amsoshin Takardunku: Yaya Doka Ke Bambanta Mutane Alhali An Ce Kowa Ɗaya Ne?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko da takarda yana cewa: "Kullum muna jin ana cewa kowa da kowa daidai yake a gaban doka. To don me doka takan ware wasu ta yi musu hukunci daban? Akwai ƙasar da ta taɓa warware wannan magana?"

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ƙasar Indiya ta sha fama da ita, kuma tarihinta zai ba ka amsa.

Tsarin mulkin Indiya ya fara aiki ran 26 ga Janairu, 1950. Dokta Ambedkar ne shugaban kwamitin da ya rubuta shi, mutumin da ya fito daga cikin jama'ar da ake ƙyamar ko taɓa su. Sashe na 14 ya hana hukuma tauye wa kowane mutum daidaito a gaban doka, ko kariyar doka iri ɗaya da ta kowa. Rabin farko na maganar daga shari'ar Ingila aka ɗauko shi, rabi na biyu kuwa daga gyara na 14 da Amurka ta yi wa tsarin mulkinta a 1868.

Ba a daɗe ba aka gwada sashen. Gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta kafa kotuna na musamman a 1950 don a riƙa yanke shari'a da sauri, tare da rage wa wanda ake tuhuma wasu haƙƙoƙin da yake da su a kotun kowa da kowa. Dokar ta ba gwamnati ikon zaɓar duk shari'ar da ta ga dama ta tura can. Cikin waɗanda aka tura har da Anwar Ali Sarkar da wasu mutum 49, waɗanda aka tuhuma da kai farmaki da makamai a wata masana'anta kusa da birnin Kalkata. Aka same su da laifi, suka ɗaukaka ƙara.

A 1952 alƙalai bakwai na Kotun Ƙolin Indiya suka zauna, shida suka ce wannan iko ya saɓa wa sashe na 14. Dalilinsu shi ne, mutum biyu za su iya yin laifi iri ɗaya, a kai wannan kotun kowa, a kai wancan kotun gaggawa, kuma babu wani ma'auni a cikin dokar sai ganin damar mai mulki.

Amma ka ji abin mamaki. A wannan shekarar dai kotun ta amince da irin waɗannan kotuna a jihar Saurashtra. Can fashi da kisa sun yi yawa a wasu yankuna, sai gwamnati ta ambaci irin laifuffukan da kuma yankunan da abin ya shafa. Duk wanda ya faɗa ciki hukuncinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, ba a zaɓe.

Daga irin waɗannan shari'o'i aka sami sharuɗɗa biyu. Na farko, in doka za ta ware wasu mutane, sai bambancin ya zama wanda hankali zai gane. Na biyu, sai bambancin ya dangantu da abin da dokar ke nema ta gyara. Alal misali, in an ce mai rumfa ya biya kuɗin kasuwa fiye da mai tallar tire, wannan ya yi daidai, gama ba a taru an zama ɗaya ba. In kuwa aka ce masu rumfa biyu, hajarsu ɗaya, amma ɗaya ya biya ninki don shi baƙo ne a garin, to an karya daidaito.

A 1973 kotun ta ƙara da cewa duk aikin hukuma da aka yi bisa son rai kawai ya saɓa wa sashen. A 1981 kuma ta soke ƙa'idar kamfanin jiragen sama na Air India wadda ke sallamar ma'aikaciyar jirgi da zarar ta ɗauki cikin fari.

A Nijeriya ma, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko asalin gari, ko addini, ko kasancewarsa namiji ko mace, ko ra'ayin siyasa.

Saboda haka Malam, in ka ga doka ta ware wasu, sai ka tambaya: da wane mudu aka auna, kuma da shi ake auna wa kowa? Da fatan ka gamsu.