Dakta Noël Browne da Rikicin Shirin Uwa da Ɗa a Ƙasar Ailan

Ba kasafai ɗan siyasa kan zama minista a ranar da ya fara zama a majalisa ba, amma haka ta faru ga Dakta Noël Browne a shekarar 1948, sa'ad da aka danƙa masa Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar Ailan a gwamnatin haɗin gwiwa ta John A. Costello. Tarin fuka ne ya kashe mahaifansa, shi ma ya yi jinyarsa, saboda haka ya ɗaura ɗamarar yaƙi da cutar. Ya gina asibitoci, ya yaɗa allurar rigakafi, har mace-mace suka ragu ƙwarai.

Daga nan ya fito da shirin kula da lafiyar masu jego da yara 'yan ƙasa da shekara 16 kyauta, ba tare da duba samun magidanci ba. Likitoci suka ga cinikinsu zai ragu. Limaman Cocin Katolika kuwa, musamman Babban Bishop na Dublin, John Charles McQuaid, suka ce hukuma tana shiga hurumin iyali. Sauran ministoci suka janye jiki, shugaban jam'iyyarsa, Seán MacBride, ya nemi ya sauka, ya kuwa sauka a watan Afrilu 1951.

Amma bai tafi shiru ba. Ya miƙa wa jaridu wasiƙun da aka yi musaya a kan rikicin, jama'a suka gani da idonsu irin ƙarfin da coci ke da shi a kan zaɓaɓɓiyar gwamnati. Bayan 'yan makonni gwamnatin ta rushe.