Dajin Rido da Lokacin Wuta

A watan Janairu, wanda ya bi ta bayan matatar man Kaduna ya nufi Rido, a ƙaramar hukumar Chikun, toka zai tarar da ƙonannun kututtura. Idan ya komo bayan 'yan makonni, tun ruwa bai sauka ba, sai ya ga jajayen sababbin ganye sun fito daga gindin doka, ciyawar gamba kuma ta yi toho, shanun makiyaya na bi suna tsinka. Yawancin ran wannan daji a ƙarƙashin ƙasa yake. Doka da taura da kalgo suna tara abinci cikin saiwoyi masu kauri, shi ya sa wuta ke cin samansu ta bar tushensu.

Wannan hali ya haɗa su da dajin ƙananan itatuwa na Kalifoniya a Amurka, wanda masana ke kira shafaral. Can ma itatuwan gajeru ne masu taurin ganye, wasu na tsirowa daga tushe bayan gobara, wasu kuwa ƙwayar irinsu ba ta tsaga sai zafi ko hayaƙi ya taɓa ta. Sai dai kamanceceniyar tana da iyaka. Ruwan Kalifoniya a lokacin sanyi yake zuba, kuma dajin na bukatar shekara 30 ko fiye tsakanin gobara da gobara. In wutar ta yawaita, itatuwan su mutu kafin su zubar da iri, baƙin ciyayi masu saurin kamawa su maye gurbinsu. A irin wannan yanki ne gobarar Janairun 2025 ta cinye dubban gidaje a Los Anjalis.

Kaduna kuwa tana samun ruwa sama da milimita 1,000 daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ciyawa ta fi mutum tsayi, hunturu ya busar da ita. Wuta kusan kowace shekara ce, kuma dajin ya saba. Saboda haka masu kiran a haramta ƙona daji ɗungurungum sun ɗauko maganin wata ƙasa. Abin dubawa shi ne yaushe aka cinna.

An gwada wannan a Nijeriya tun 1929, a gandun dajin Olokemeji kusa da Ibadan. Aka ware filaye uku: ɗaya ana ƙona shi a farkon rani, ɗaya a ƙarshensa, ɗaya kuma aka hana shi wuta. Bayan shekaru, wanda aka tsare ya soma zama kurmi, na farkon rani ya riƙe itatuwansa, na ƙarshen rani kuwa ya koma ciyawa da 'yan itatuwa masu kaurin ɓawo. Dalilin a fili yake: a Nuwamba ciyawa na da sauran danshi, wutar ta bi ƙasa-ƙasa ta mutu da yamma. A Fabrairu da Maris, lokacin da mafarauta ke cinnawa don korar gafiya da zomo, harshenta kan kai rassa, ya kashe tsiron da bai yi ƙwari ba.

Duk da haka, abin da ya fi cin dajin Rido yanzu gatari ne da diga. Tun buɗe matatar a 1980 birni ke matsowa kudu, ana yanka fulotai, ana sare doka a yi gawayi. Mai gini tumɓuke kututture yake yi, kuma inda saiwa ta fita babu toho.

Manoman Maraɗi sun nuna ƙimar wannan saiwa. Daga 1983, da shawarar wani mai suna Tony Rinaudo, suka daina sare duk tohon kututturan gonakinsu, suna barin reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su girma. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Rido ta fi Maraɗi ruwa nesa ba kusa ba, kuma gonakin da gini bai kai musu ba har yanzu cike suke da kututturan doka da kalgo da ake sarewa kowace shekara kafin shuka.